Sabo Turken Wawa: Buƙatar Sake Duban Yadda Muke Kasuwanci a Ƙasar Yawuri

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Yelwa)



Bayan godiya ga Allah da Ya sake tara mu a gida lafiya, muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan kasuwanci. A irin wannan zama an saba jin kuka biyu, wato ƙarancin jari da rashin tallafin hukuma. Babu shakka matsaloli ne na gaske, sai dai maganinsu ba ya hannunmu mu kaɗai. Abin da ke hannunmu shi ne yadda muke juya ɗan abin da Allah Ya hore mana, kuma a kansa ne za mu tsaya yau.

Gabatarwa

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Kowace al'ada ta kasuwa da muka tarar, akwai ranar da wani mai hankali ya ƙirƙiro ta domin ya warware wata matsala da ke gabansa. Idan zamani ya juya, matsalar ta gushe, al'adar kuwa ta zauna, sai ta koma kaya a kan mai ita, yana biyan kuɗin ɗaukarta kullum ba tare da ya san yana biya ba. Saƙonmu a taƙaice shi ne: mu tambayi kowace al'ada aikin da take yi mana a yau. Wadda ke aiki mu riƙe ta da hannu biyu, wadda ta daina mu sauke ta da gangan, mu bar kasuwancinmu ya zama mai sauƙin da mai shi zai iya riƙe lissafinsa a ka, ya kuma nuna shi a takarda.

Darasi daga tarihinmu

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Yawuri tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ayarin fatake ke bi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro. Madugu zai taso da jama'arsa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni suna tafiya, suna yada zango, suna biyan kuɗin hanya, suna neman masu fito su ƙetarar da su Kwara. Garuruwan da ke kan hanya sun ci moriyar wannan zirga-zirga ƙwarai. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wasu fatake, cikinsu har da Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, sun riga sun gane cewa abin da ake nema shi ne goro ya iso kasuwa da wuri bai bushe ba. Hanyar da ya biyo ba ta dami mai saye ba. Sai suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya kawo shi arewa. Cikin 'yan shekaru hanyar ƙasa ta yi sanyi, waɗanda suka nace mata suka ga ciniki ya wuce su.

Darasi na biyu ya fi kusa da mu. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafki ya cika, ya shanye gungu da fadamu da tsohon garin Busa, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni. Gungawa, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa a tsibiransu, sun wayi gari a kan tudu. Da sun ce sai dai yadda kakanni suka yi, da sana'ar ta mutu a hannunsu. Sai suka bi ruwa inda yake janyewa da rani suka yi shuka, daga baya injin ban-ruwa ya karɓi aikin ƙwarya da jigo. Albasar Yawuri ta ci gaba da zuwa kasuwa domin masu ita sun bambance tsakanin sana'a da hanyar yin ta.

Darasi na uku daga masunta ne. A shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji, wanda aka fara a 1993, bincike ya nuna cewa tarun jan warangi mai ƙananan idanu, wanda ake kira dala, yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangin. Mai dala yana ganin riba a ranar, mai kalli da mai birgi da mai ƙugiya suna biyan kuɗinta baɗi. Jihohin Kebbi da Neja suka hana amfani da ita, aka kuma dogara ga sarakuna da sarakunan ruwa wajen tabbatar da hanin. Wannan ya nuna mana cewa akwai al'adar da asararta ba ta bayyana ga mai yin ta sai an faɗaɗa lissafi ya haɗa da gobe.

Tambayoyi uku

A kamfanin Toyota na ƙasar Japan, wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata cewa idan matsala ta taso su yi ta tambayar "don me?" har sau biyar, kowace amsa a sake tambayarta, har a iso tushe. Mu a nan tambayoyi uku sun ishe mu. Ta farko: wace matsala ce wannan al'ada ta zo ta warware? Ta biyu: matsalar tana nan har yau? Ta uku: nawa muke kashewa a kanta a shekara, na kuɗi da lokaci da kayan da ke lalacewa? Bari mu auna wasu al'adu huɗu da wannan mudu.

Ta farko: bashi ba rubutu, da aljihu ɗaya

A da, mai shago ya san kowa a unguwa, abokan cinikinsa ba su wuce ya ƙirga da yatsu ba, farashi kuma yana iya shekara bai motsa ba. A irin wannan hali, riƙe bashi a ka ya wadatar. Yau gari ya faɗaɗa, darajar naira kuma tana zubewa. Alal misali, mu ɗauka mai shago yana da jarin naira miliyan ɗaya, dubu ɗari huɗu daga ciki suna hannun mutane. Da dubu ɗari shida yake kasuwanci ke nan, alhali haya da kuɗin yaran shago na miliyan ɗaya yake biya. In aka biya shi bayan wata shida, kuɗin ba za su sake sayo kayan da ya bayar ba. Gaskiya ne bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba wanda zai ce a daina shi. Abin da ake nema shi ne a rubuta, a sa rana, a kuma yanke iyakar da ba za a wuce ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka wanda ya ɗauko littafi ya rubuta bai ci mutuncin kowa ba.

Abokin tafiyar wannan al'ada shi ne aljihu ɗaya. Daga akwatin da ake zuba ciniki ake ɗibar cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki da na mai zuwa gaisuwa. Mai shago yana ganin kuɗi na shiga kullum, ya ɗauka riba yake ci, alhali uwar kuɗi yake gutsura. Gyaran mai sauƙi ne: ya yanka wa kansa albashi na mako ko na wata, duk hidimar gida da ta zumunci ta fito daga nan. Da haka kyauta za ta zama ta gaskiya, domin daga abin da ya mallaka ya bayar.

Ta biyu: hannu a kowace tukunya

Manomi yana shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya domin in wannan ya ƙi wancan ya yi. Hikima ce a gona, inda damina ke hannun Allah. Mun ɗauko ta mun kawo kasuwa ba tare da mun duba ko ta dace ba. Za ka ga mutum ɗaya da ɗan jarinsa yana sayar da siminti, yana ajiyar albasa, ya sayi babur ya ba yaro haya, yana da hannu a ramin haƙar zinariya, ga kuma teburin POS a ƙofar shago. Kowanne yana buƙatar ido, ido kuwa biyu ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Idan aka zauna aka yi lissafi, sau da yawa za a tarar sana'a ɗaya ce ko biyu ke ciyar da sauran. Haka abin yake a cikin shago guda: akwai hajar da ke ƙarewa duk mako, akwai wadda ta shekara tana shan ƙura domin kawai a ce shagon ya cika. Kayan da ba sa motsi kuɗi ne a ɗaure. A karya farashinsu su tafi, a zuba kuɗin a cikin masu gudu.

Ta uku: bin kaya ba a san farashi ba

A da, ba yadda za a yi mai kifi ko mai albasa a Yelwa ya san farashin Legas ko Ibadan ko Anaca sai ya je da ƙafarsa, ko ya dogara ga bakin dillali. Saboda haka ya zama al'ada mai kaya ya hau bayan mota ya bi kayansa, ya kwana a hanya, ya sauka a hannun mai masauki, ya sayar a yadda ya tarar domin ba zai iya dawowa da su ba. Tun 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya wannan dalili ya raunana. Wani masanin tattalin arziki, Robert Jensen, ya bi diddigin masuntan jihar Kerala ta Indiya tsakanin 1997 da 2001, lokacin da waya ke isa gaɓar tekunsu. Ya gano cewa da suka fara bugawa suna tambayar farashi kafin su zaɓi kasuwar da za su sauke kifi, asarar kifin da ba a saya ba, wadda ta kai kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ta kusan ɓacewa, ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 8 cikin ɗari, mai saye kuma ya samu rangwame na kusan kashi 4. Jiragensu da tarunansu ba su canza ba. Tambaya kawai suka riƙa yi kafin su tashi.

Daɗin daɗawa, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan. Duk tafiyar da aka yi ta banza, a mota ko a jirgi mai inji, yanzu tana iya cinye ribar kaya gaba ɗaya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tilasta wa mutane da yawa koyon karɓar kuɗi ta banki, har waɗanda a da suke cewa sai sun ƙirga da hannunsu. Tunda ana iya jin farashi ta waya, a kuma karɓi kuɗi ta waya, ya kamata 'yan kasuwa biyar su haɗa kaya a mota ɗaya, su wakilta amintacce ɗaya, sauran huɗun su zauna su ci gaba da saye.

Ta huɗu: yawa shi ne riba

Wannan ita ce mafi tsada. Ana ganin wanda ya fi tara kaya shi ya fi cin kasuwa. Mu ɗauka mutum ya sayi buhu ɗari na albasa da kaka ya zuba a rudu yana jiran farashi ya tashi, ba tare da ya tsince masu rauni ko ya tabbatar iska na ratsawa ba. In buhu ashirin da biyar suka ruɓe, saba'in da biyar ɗin da suka rage sai kowanne ya tashi da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa kafin a mayar da uwar kuɗi kawai, ban da kuɗin dako da gadi. Wanda ya ajiye sittin ya kula da su da kyau zai iya fin shi. Haka mai banda da ke cika wuta da kifi fiye da ƙima, wani ya ƙone, wani bai bushe ba, ya ruɓe a cikin kwali kafin ya isa kudu. A Gana, tun wajen 1970, matan unguwar Chorkor da ke Akara suka koma amfani da murhu mai faifan raga da ake jerawa bisa juna, wanda ke cin itace kaɗan kuma yake gasa kifi daidai. A kusa da mu, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabon Busa ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murahun banda. Ilmin yana ƙetaren ruwa kawai.

Inda wannan al'ada ta fi muni shi ne a kan ruwa. Ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgi da ya ɗauko mutane sama da 150 da kaya ya nitse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu yawa, cikinsu har da mata da yara. Hukumomi sun danganta haɗarin da lodi fiye da ƙima da kuma tsufan jirgin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mai jirgin da ke ƙara fasinja goma bisa ƙa'ida yana lissafin kuɗin mutum goma ne, ya manta ya sa jirgin kansa da rayukan kowa a ɗaya gefen sikeli.

Abin da bai kamata a zubar ba

Kada wani ya fahimci cewa muna kira a watsar da duk abin da muka gada. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan aka auna wasu al'adun da tambayoyin nan uku, za a ga suna nan da aikinsu. Adashi yana tara wa mata jarin da banki ba zai saurare su a kansa ba. Dillalin da ke tsaya wa baƙo, ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya, ya kuma ɗauki nauyin karɓo kuɗi, ya ci la'adarsa da halali. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda ke tsaye a tsakiya kawai ba ya ƙara komai. Mai jarin da ke saya wa masunci taru ko inji bisa sharaɗin ya riƙa sayar masa da kamu, yana toshe wata ƙofa ta gaske. Abin gyara shi ne a rubuta nawa ne bashin, nawa aka biya, yaushe zai ƙare, don kada mutum ya tsufa yana biyan taru ɗaya. Amana da cika alkawari da kyakkyawar fuska ga mai saye kuwa, su ne jarin da ba ya tsufa.

Nauyin da ke kanmu mazauna birane

Yawancin masu karanta wannan mujalla ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke zaune a Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna da Kano da Abuja da Legas. Kusan kowane gida yana da labarin jarin da aka turo daga birni domin ƙane ko ɗan'uwa ya kama sana'a, bayan shekara ɗaya ko biyu aka nemi jarin aka rasa, zumunci kuma ya yi tsami. Ba kullum ne rashin amana ke jawo haka ba. Sau da yawa an fara ne da babban shago da kanta da janareta da allon suna, domin a gani a yaba, ya zama rabin kuɗin ya tafi kafin a sayar da ko allura. Ba a kuma faɗa tun farko ko kuɗin kyauta ne, ko rance, ko haɗin gwiwa ba, saboda kunya. Kunyar minti biyar ce ke haifar da gabar shekara goma.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawarwari huɗu. Na ɗaya, duk wanda zai tura jari gida, a rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa, da boko ko da ajami, mai bayyana matsayin kuɗin, da sana'a ɗaya da za a yi da su, da ranar da za a zauna a duba lissafi. Na biyu, 'yan ƙungiya masu ilmin akanta su ba da yini ɗaya a lokacin hutun Salla su koya wa matasa da mata riƙe littafi mai gida uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ake bi. Na uku, rassanmu na kudu su naɗa wanda zai riƙa aiko da farashin albasa da kifi da shinkafa ta waya kafin ranar kasuwa. Na huɗu, ƙungiya ta zauna da sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage daga Yelwa zuwa Wara a kan rubuta adadin fasinja a jikin kowane jirgi da samar da rigunan kariya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗin gwamnati.

Kammalawa

Mai Martaba, shugaban taro, 'yan'uwa, ƙasar da Allah Ya ba kogi da tafki da fadama, daga Shanga zuwa Ngaski, ba ta rasa abin sayarwa ba. Abin da ya rage mata shi ne ta rage yoyon da ke tsakanin gona ko jirgi da aljihu. Muna roƙon kowane ɗan kasuwa da ke wannan zaure, idan ya koma, ya zaɓi al'ada ɗaya tak daga cikin waɗanda ya saba, ya yi mata tambayoyin nan uku, ya yanke hukunci a kanta kafin taron baɗi. Masu tura jari daga birni su ma su yi haka. In mun sake haɗuwa, sai mu ji abin da kowa ya sauke da abin da ya samu.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya albarkaci kasuwanninmu da gonakinmu da ruwanmu, Ya ba ƙasar Yawuri da Jihar Kebbi da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.